Sabuwar Ƙira a Tsakiyar Rafi

Tun kafin damina ta faɗi tsohuwar motar Likita ta fara tari. Likitar dabbobi ce, kuma duk garkunan da take dubawa suna can bayan rafi, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba. A wannan sana'a jarin mutum ɗaya ne: in an kira shi ya iso. Makiyayi ba ya kiran wanda ya taɓa ba shi kunya.

Ta je ta ga sabuwa. Kamfanin da ya ƙera tsohuwar ne ya sauya mata komai, inji da giya, har da wani allo a gaban direba kamar talabijin. Kyau kam ba a magana. Amma Likita ba yarinya ba ce, ta san ƙirar bana ko waɗanda suka yi ta ba su gama sanin halinta ba. Ta yanke shawarar ta lallaɓa tsohuwar har baɗi, wasu su fara zama zakaran gwajin dafi.

Sai Yaya, babban wanta, ya ji labari. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta, kuma maganarsa a wajenta yankan wuƙa ce. Kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse gare shi, ma'aikatansa kullum suna cikin daji.

"Auta, har yanzu wannan tsoron naki bai sake ki ba?" in ji shi, yana dariya. "Ni ma ita zan saya, da ni da ma'aikatana duka. Taso mu shiga tare."

Tare suka je wajen mai sayarwa. Yaya ya buɗe bonet, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya yi tambayoyi har mutumin ya fara share gumi. Ita ta sa hannu ta fito da tata a ranar, tsohuwar kuwa ta tafi wajen 'yan gwangwan. Tasa, ya ce, launin da yake so bai iso ba tukuna.

Daga nan Yaya ya zama ɗan'uwan da kowa ke fata. Ba ta taɓa dawowa daga daji bai bugo waya ba. Ta hau tudun nan mai tsakuwa? Inji ya yi zafi? Gobe ta gwada hanyar fadama mana, ai don irinta aka yi motar. Mijinta har tsokanarta yake, wai surukin nasa ya fi sanin lafiyar motar a kan ta yaran gidan. Ita dai daɗi take ji, don rabon da Yaya ya kula da ita haka tun tana 'yar makaranta.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Tsoho ya kira. Shi ne makiyayin da ya fara yarda da ita lokacin da sauran ke cewa mace ba ta iya ciro maraƙi, kuma bakinsa ne ya buɗe mata duk garkunan yankin. Saniyarsa mafi soyuwa ce ke naƙuda, ɗan ya zo a gicciye.

"Ga ni nan, Baba. Kada kowa ya taɓa ta."

Rafin bai wuce gwiwa ba. Tsohuwar motar ta sha ƙetare wanda ya fi shi tana tarinta. Sabuwar ta shiga da isa, ta kai tsakiya, allon ya cika da jajayen fitilu, inji ya yi tsit. Ta murɗa, ta danna, ta roƙa. Ko uffan.

Ta kira Yaya.

"Ruwan ya kai ina, taya ko ƙofa?" ya tambaya. "Me allon ya rubuta? Karanta min a hankali."

Ta karanta masa. Ya ce zai turo motar da za ta janyo ta, kuma ya turo. Ita kuwa ta ɗora jakar kayan aiki a ka, ta ratsa ruwan, ta kama tafiyar ƙasa cikin taɓo.

Ta tarar an riga an gama. Sun bi maganarta, ba wanda ya taɓa saniyar, har ta mutu da ɗan a ciki. Tsoho bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. "Sannu da hanya, Likita," kawai ya ce, ya juya mata baya. Daga ranar wayarta ta yi shiru, kuma ta san dalili. Abin ya ci ta ƙwarai.

Da ta je wajen mai sayarwa, haƙuri ya yi ta ba ta. Wata na'ura ce a ƙasan inji, in ruwa ya taɓa ta sai ta kashe motar gaba ɗaya. Za a gyara a ƙira mai zuwa. Likita ta haɗiye fushinta, don akwai abin da ya fi damun ta.

"Nawa ya riga ya faru," ta ce. "Amma don Allah kada ku ba Yayana tasa sai an gyara. Mutanensa rafuka suke ƙetarawa kullum."

Mai sayarwar ya dube ta da mamaki.

"Ai bai taɓa saya ba, ranki ya daɗe. Tun farko cewa ya yi mu dakata, ya samu wadda za ta gwada masa ita a muguwar hanya damina guda. Ranar da taki ta mutu a rafi, kafin azahar ya bugo ya ce ya fasa."