Ƙararrawar Kwaleji

Da tsohon ya hango baƙi suna ɗaure ƙararrawar kwaleji da sarƙa a bayan wata babbar mota, sai ya dogara sanda ya tsallaka fili. Ƙuri'arsa a majalisar gudanarwar kwalejin ce ta hana a haɗe kwalejin da babbar jami'ar jiha, kuma ya san mutanen can ba za su haƙura ba.

"Kai, mai hula! Jami'a ce ta aiko ku?"

"Mu leburori ne kawai, tsoho."

"Ɓarawo ma haka yake cewa."

Ƙararrawar nan ce take kiran kakanninsa bayi zuwa gonar auduga. Da suka sami 'yanci, suka jawo ta a keken alfadari, suka rataye ta nan don ta kira 'ya'yansu aji. Duk wanda ya kammala karatu yakan buga ta sau ɗaya. Bana jikarsa za ta buga.

Shugabar kwaleji ta fito, idonta a ƙasa.

"'Yar nan, kira 'yan sanda. Sun biyo mana ta bayan gida."

"Ba su ba ne, Baba. Ni na sayar. Ku kuka ce mu tsaya da ƙafarmu, malamai kuwa ba iska suke ci ba."

"Wa ya saya?"

Ta koma ciki.

Sai da motar ta juya ya ga hoton da ke jikinta: farin gida mai ginshiƙai, gidan ubangijin bayi na gonar audugar nan, inda yanzu ake bikin aure. A bakin ƙofa motar ta faɗa rami, ƙararrawar ta buga sau ɗaya.