Gonar Da Ake Nuna Wa Baƙi

Tumatirin Dattijo ya fara fure ke nan sai ruwa ya ɗauke. Kanal ɗin ban ruwa da ke bi ta gefen gonarsa ya rage gudu, ya koma laka, lakar ma ta tsattsage. Yana tsaye a kan kunya yana kallon ganye yana lanƙwashewa, ba yadda zai yi.

Gonarsa ce ta ƙarshe a layin, can wajen Bunkure, kuma a shekarun nan ba a san wanda ake kai wa kuka ba. Sojoji sun koma bariki, gwamnatin farar hula ta ce manoma su riƙe ruwansu da kansu. Wata ƙungiya daga ƙasar waje ta shigo da tallafi don koya musu yadda za su yi: su haɗa kai, su zaɓi shugabanni, su nemi kasuwa ba tare da jiran gwamnati ba. Jami'inta a yankin shi ne Malam Maharazu, mutumin Dawakin Kudu mai fara'a, wanda bai taɓa wuce Dattijo ba tare da ya sauka daga babur ya gaishe shi ba.

Shi ne Dattijo ya kai wa kuka. Maharazu ya zo ya zaga gonar, yana girgiza kai.

"Baba, kada ka tuge ko ɗaya. Masu ba da tallafin suna tafe, bari su gani da idonsu."

Suka iso cikin fararen motoci. Wata Baturiya ta tsuguna ta murje busasshen ganye a tafin hannunta, idonta ya ciko da ƙwalla. Aka ɗauki hoton Dattijo a tsakiyar gona, Maharazu yana fassara musu maganarsa. Ba a daɗe da tafiyarsu ba aka ji an ƙara wa shirin wa'adi, ruwa kuma ya dawo. Tumatir ya riga ya mutu, amma Dattijo ya dinga faɗa a majalisa cewa bakin Maharazu ne ya buɗe masa ruwa.

Da rani ya zagayo ya shuka albasa. Tana fara kai, ruwa ya sake ɗaukewa.

Wannan karon ya bi kanal ɗin da ƙafa har ƙofar ruwa. Dab da ita gonar ƙaninsa Hammadu take, shar da ita. Ya tambayi Muhammadu Sani, tsohon ma'aikacin da ke riƙe da makullin ƙofar, wa ya hana shi ruwa. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ɗan aike ne. Dattijo ya koma wajen Maharazu, shi kuma ya yi ajiyar zuciya ya ce ba ya son shiga tsakanin 'yan uwa.

Wannan ta ishi Dattijo. Ya kai Hammadu gaban dagaci, ya kira shi ɓarawon ruwa a bainar jama'a.

"Yaya, ni?" in ji Hammadu. "Nono ɗaya fa muka sha. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Dattijo ya juya masa baya. Sunan ya bi Hammadu har masallaci, har kasuwar tumatir, yara ma suka ɗauka. Kafin damina ya sayar da gonar, ya kwashe iyalinsa zuwa Kumbotso ya kama acaɓa. Mahaifiyarsu Iya ta rasu tana roƙon su shirya. A zaman makokinta kowa da tabarmarsa.

Baƙi sun zo a wannan ranin ma, sun ga albasar da ta ƙone, sun tafi da hotuna. A rani na uku Hammadu ba ya nan, amma ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba. Dattijo ya ce mugu ko ya tafi yakan bar hannunsa a baya. Ya sayar da shanun huɗarsa ya ciyar da gida. Abin da ya rage masa na alfahari shi ne hotonsa da ke rataye a ofishin shirin a Kura, da yadda Turawa suka iya sunansa.

Da lokacin zaɓen shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ya zo, jama'a suka ce sai shi, don wanda ya sha ƙishi shi ya san darajar ruwa. Maharazu ya ɗan ja ƙafa, ya ce aikin zai yi wa Baba nauyi, amma bakin mutane ya rinjaye shi. A filin makarantar firamare aka yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Dattijo sai da ya fita ta ƙofar makaranta. Ya yi rantsuwa a gabansu cewa muddin yana kan kujerar, ba gonar da za ta sake bushewa saboda zaluncin wani.

Washegari da hantsi ya nufi ƙofar ruwa don fara aiki. Muhammadu Sani ya tare shi, ya rusuna ya yi masa murna, sannan ya tsaya yana juya makulli a hannu kamar mai neman inda zai fara.

"Faɗi mana, Malam Sani," in ji Dattijo.

"Ranka ya daɗe, baƙi suna tafe wata mai zuwa. Malam Maharazu ya ce tunda yanzu kai ne shugaba, bai kamata in ci gaba da busar da taka ba, sai ka zaɓa mana gonar da za mu rufe wa ruwa bana."