Shafuka Biyu a Kwata

Ina aji shida Malam Ilu, mai koya mana wasanni, ya ɗaga wani littafi a gabanmu, labarin wani mutum da ya ƙudura sai ya ratsa hamada da gudu. Ya ce daga Ƙofar Kuyambana za mu tashi, wanda ya fara isa Ƙofar Jatau littafin nasa ne.

Ba takalmi na yi gudun nan, ƙasa kamar garwashi. Shi kuwa ya wuce mu a kan besfa yana danna oda. Ni na fara isa, babban yatsana yana jini.

Na tarar da shi a gindin dalbejiya ya baje tumbi yana cin tsire. Ya lashe yatsu, sai ya yage shafuka biyun ƙarshe na littafin, ya goge baki, ya fyace majina a ciki, ya wurga kwata.

"Ungo, yaro. Ka koyi juriya."

Sau bakwai na karanta littafin yana warin tsohon mai. Har yau in mai tumbi ya fara mini wa'azin juriya, tashi nake yi in ba shi wuri. Kuma har yau ban san ko mutumin nan ya ratsa hamadar ba.