Fatar Kada a Buhun Albasa

Karo na uku ke nan malamin daji yana tsayar da babur a bakin rumfar Gambo baduku a kasuwar Jega, ya nufi buhun da ke ƙarƙashin benci kamar shi ya ajiye shi. Ya zazzage albasar da ke sama, ya zaro fatar kada a nannaɗe da igiyarta, ya ɗaure a bayan babur. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi in aka kuma, alƙali ne zai yi magana.

Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka turo wannan malamin daji, dokar da ta daɗe tana barci ta farka: ba kashe kada, ba sayar da fatarsa sai da lasin. Gambo kuwa yana da masu sayen jaka da takalmin kada daga kudu, ga lasin ya gagara, sai ciniki ya koma ɓoye.

Sabo maharbi, mutumin Maiyama, shi ke kawo masa. Yanzu ba a warware fata a kasuwa. Hannu za ka zura cikin buhu, ka shafa kaushin bayanta, ka biya, Sabo ya ɓace cikin jama'a, sai ka je gida ka buɗe. Gambo bai taɓa kaiwa gida ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mutum uku kaɗai suka san da buhun nan: shi, da Sabo, da Jibrin. Sabo dai shi ne farkon wanda za a ɗaure in asiri ya tonu. Saura Jibrin.

Jibrin mai albasa ne, ɗan Aliero, rumfarsa na jikin ta Gambo tun suna samari. Kwano ɗaya suke sa hannu, shi ya yanka ragon sunan ɗiyar Gambo ta fari. Amma zargi ba ya kunyar tsohon zumunci. Gambo ya fara tuna abubuwa. Wa ke ba shi albasar ƙara rufe buhu? Jibrin. Wa ya daɗe yana cewa ya rabu da fatar nan tun bai ja wa iyalinsa kunya ba? Jibrin. Ranar kamu na biyu ma ya ga malamin daji ya tsaya wurin Jibrin sun gaisa, har da dariya.

Ya daina cin abinci da shi. In Jibrin ya yi sallama, sai ya amsa yana kallon almakashi. Ramatu matarsa ta ce ya bi a hankali, ya ce mata mace ba ta san kasuwa ba.

Ranar kasuwa ta kewayo, bayan la'asar, Gambo ya fito gaban rumfa da Alƙur'ani a gafakarsa, mutane suka taru.

"Jibrin, in ba kai ka kai ni ba, dahwa ka rantse."

Jibrin ya dubi littafin, ya dubi abokinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni za ka ba Alƙur'ani, Gambo, bisa hwatar kada? Ba ni rantsewa. Allah shi isam muna."

Ga Gambo, ƙin rantsuwar nan ya gama shari'a. Kasuwa ma haka ta ɗauka, aka shiga nuna Jibrin da baki ana ce masa ɗan leƙen asirin gwamnati. Kafin sati ya kwashe buhunansa ya koma Aliero, bai yi sallama da kowa ba. Gambo ya ji zafin rumfar da ta zama fayau, amma ya ce gara haka. Hankalinsa kwance, ya aika wa Sabo cewa hanya ta gyaru, ya kawo wata.

Saƙon ya iske Sabo gindin wata tsamiya a hanyar Maiyama, yana kishingiɗe yana cin gyaɗa. Rabonsa da gulbi har ya manta, ko kwale-kwale ba ya son shiga. Can sai ga babur ya sauka daga titi. Malamin daji ya kwance buhu daga baya ya jefa masa.

"Ka ƙara mata gishiri, ta hwara wari. Wa za a kai ma wa?"

"Gambo," in ji Sabo, "yac ce ya kori munahukin."

Suka yi dariya, Sabo ya zuba albasa a saman fatar nan guda ɗaya tak, wadda Gambo ya riga ya saya har sau uku.