Ɓarawon Batir

Ƙwan fitilar gwaji ya kama wuta tsakanin kan batir da wayar da aka cire, alhali an kashe komai na jirgin ruwan Alhaji.

"Ka gani, Alhaji?" in ji mai gyara. "Akwai mai shan wutar nan."

Alhaji ya waiga ya harari 'yan unguwar Zongo da suka biyo shi har bakin ruwan kasuwar Dantokpa. Kullum batirin ya kwana cike ya tashi matacce, jirgi ya ƙi tashi, albasar mutane tana ruɓewa a ciki. Shi ya sa ya rantse a teburin mai shayi: duk wanda ya kama yana satar masa caji, sai ya tsoma shi a ruwa da kayan jikinsa, ko limami ne.

Mai gyara ya shiga zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta fitila, ƙwan yana ci. Ya zare wata ja da aka naɗe da leda, ƙwan ya mutu.

Suka bi ta har ƙarƙashin kujerar tuƙi. Rediyon Alhaji ne, wanda ya haɗa da hannunsa tun azumi don sauraron tafsiri. Makunnin ya karye, shi kuwa kullum sai ya rage murya ya tafi gida.

Mai shayi ya yi gyaran murya. "Alhaji, mu dai mun ji rantsuwa."

Alhaji ya daɗe yana kallon baƙin ruwan nan. Sannan ya cire hularsa ya miƙa masa.

"Riƙe min. Sabuwa ce."