Ruwan Alhamis

Illo ya ɗora jan alƙalami kan layi na goma sha bakwai na takardar rabon ruwa, ya tsaya. Alhamis, bayan asuba, awa ɗaya, ƙofar ruwa ta tara. Gurbin suna, babu kowa.

Shekara shida ya yi a Abijan yana ɗura katuna cikin injin lissafi na wani kamfani. Can kowane aiki da sa'arsa da mai shi. Aikin da ba mai shi, cirewa ake. Wata biyu ke nan da dawowarsa Madarumfa, aka damƙa masa tsarin rabon ruwan lambunan bakin tabki. Tabkin kuwa, a wannan rani na 1974, ya ja baya har jirage sun kwanta kan laka. Dirakta, shugabansa a wurin aiki, ya faɗa masa a fili: ko ya tsayar da ɓarnar ruwa, ko ya bar kujerar.

Ya kira Maman, tsohon da ke tayar da injin ban ruwa.

"Baba, wannan na wa ne?"

"Haka muka saba, yallaɓai. Ta ƙarƙashin shinge ruwan yake bi."

"Na ce na wa?"

"An roƙe ni kar in faɗa. Je ka gani da idonka, ba nisa."

"Ba ni da lokacin yawo."

Illo ya ja layi, ya soke shi.

Dirakta ya yaba. Illo ya ci gaba da kwana a biro, wato ofis, don gida ya yi masa ƙunci, garin ma duk ya ishe shi. Mahaifiyarsa Delu ke aiko masa tuwo kullum, miyar kuɓewa ɗanya har da tumatir, tsakiyar rani. Ya ci ya ture kwano. Filin babansa an ba wani tun rasuwarsa, tunda ba namiji a gida. Wannan ya sani, ya ce zai duba in ya samu sarari.

Alhamis uku ta wuce, miya ta koma kuka. Ta biyar, kwano bai zo ba.

Ya tafi gida a fusace. Ya tarar da ita zaune gindin murhu, ba wuta.

"Inna, yau kuma lafiya?"

"Ka yi haƙuri, yau babu. Ban so ka sani ba, kar in ja maka magana wurin aiki. Ɗan lambun da nake ci da shi bayan shinge ne ya ƙone. Shekara biyar Maman na sako mini ruwa duk Alhamis, yanzu ya ce wani babba daga Maradi ya soke. Ban san shi ba, amma duk sallar da na idar sai na ja masa Allah ya isa."