Muryar Almu

Kulu ta yar da faifan ƙosanta a kasuwar Faskari, ta bi motar talla a guje. Muryar da ke tashi a lasifika ta Almu ce, ɗanta da ya shekara biyar a Kaduna ko wasiƙa babu.

Direban ya nuna mata kaset. "Inna, shirin yara ne. Ran Asabar za a nuna shi a talabijin."

Ta sai da akuyarta ta tafi Funtuwa, wani Alhaji mai talabijin ya bar ta ta zauna cikin 'ya'yansa.

Aka kunna. Zanen zomo ya fito yana tsalle, ya yi sallama da muryar Almu.

Yara suka ƙyalƙyale. Kulu ta amsa, tana jiran zomon ya kauce ta ga ɗanta.